Puerto Escondido da iyali: inda za a sauka, da abin da Musulmi zai ci ya sha

"Assalamu alaikum. Ni Bahaushe ne mazaunin Houston a Amurka. Ni da maiɗakina da yaranmu biyu, mai shekara 9 da mai shekara 5, muna so mu yi hutun mako guda a bakin teku a Meksiko, amma ba Kankun ba, don an ce hayaniya da tsada sun yi yawa a can. Wani abokin aikina ya ce mu gwada Puerto Escondido. A ina ya kamata mu sauka? Kuma mu da muke Musulmi me za mu ci, me za mu sha, a ƙasar da aka ce ba a raba girkinta da alade da giya?"

Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya. In na fahimce ka da kyau, abu uku kake nema: unguwar da yara za su shiga ruwa hankalinka a kwance, abincin da za ka sa hannu a ciki ba tare da zullumi ba, da abin kashe ƙishi a garin da kusan kowane lungu ake tallar barasa. Abokin aikinka bai ɓatar da kai ba. Na sauka a garin nan ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, da rani da damina, wata rana ni kaɗai wata rana da iyali, kuma na sha shirya wa 'yan'uwa irin wannan tafiya. Yawancin abin da zan gaya maka da ƙafata na taka shi.

Garin yana jihar Oaxaca, wadda ake furtawa Wahaka, a kudancin Meksiko, a gaɓar tekun Fasifik. Ma'anar sunansa da Sifaniyanci ita ce ɓoyayyiyar tashar jiragen ruwa, kuma sunan ya dace da shi. Asalinsa matsugunin masunta ne da ake loda kofin da ake nomawa a kan duwatsun da ke bayansa. Duwatsun nan na Sierra Madre del Sur su suka ɓoye shi shekara da shekaru, domin daga babban birnin jihar sai mutum ya yi awa shida zuwa bakwai a kan hanya mai kwana-kwana da ke sa ko babba amai. A watan Fabrairun 2024 aka buɗe sabon titi wanda ya rage tafiyar zuwa kamar awa uku. Alheri ne ga matafiyi, amma ya ƙara cika garin da baƙi, musamman ƙarshen mako. Saboda haka natsuwar da ake yabon garin da ita tana nan, sai dai yanzu ba a kowace unguwa take ba, kuma ba a kowane wata ba. Ku da kuke da yara, kuna iya bi ta birnin Meksiko, ku hau jirgi na awa ɗaya da 'yan mintuna. Filin jirgin yana bakin gari, ba a fi minti goma zuwa sha biyar a tasi zuwa mafi yawan masaukai ba.

Fara zaɓar unguwa, sannan ka nemi ɗaki

Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya buɗe intanet ya ga hoton ɗaki mai kyau da teku a bayansa, ya biya, sai ya je ya tarar da tekun da ke ƙofar ɗakinsa ba na wanka ba ne. Puerto Escondido ba gaɓa ɗaya ba ce. Gaɓoɓi ne da yawa, kowace da halin ruwanta, kuma halin ruwan shi ke kawo irin mutanen da ke zama a unguwar.

Wadda ta fi suna ita ce Zicatela, doguwar gaɓa mai kusan kilomita uku. Igiyar ruwanta ce ta sa duniya ta san garin, masu wasan hawan igiyar ruwa daga ƙasashe daban-daban suna zuwa dominta tun shekarun 1970, kuma daga wajen Mayu zuwa Satumba igiyar kan tashi ta wuce tsayin gidan sama. Abin kallo ce da sassafe, amma ina roƙonka da girman Allah kada ka bar yaro ya shiga ruwan nan, kai ma kada ka shiga. Yana da ja a ƙarƙashi, ya sha cinye ƙwararrun masu iyo. In ka ga jar tuta a kafe, ba ado ba ce. Titin da ke bakin gaɓar cike yake da otal-otal da gidajen abinci, da dare kuma kiɗan mashaya ba ya barin mai saurin farkawa ya runtsa.

Can ƙarshen Zicatela ta kudu akwai La Punta. Ita ce unguwar da hotunanta suka fi yawo a Instagram: rumfunan ganyen kwakwa, samari da 'yan mata baƙi suna yawo ba takalmi, faɗuwar rana mai ɗaukar ido. In da kai kaɗai ne, ɗan shekara ashirin da biyar, da na ce gwada ta. Da maiɗaki da yara ba na ba da shawararta. Shigar da mutane ke yi a titi kusan ta bakin ruwa ce, dare yana da hayaniya, kuma da yake unguwar ta bunƙasa fiye da ƙarfin bututu da wayoyinta, ruwa da wuta da intanet sukan yi wasa. Ku je ku ci abincin yamma sau ɗaya, ku ga faɗuwar rana, ku koma.

Inda nake tura iyalai shi ne Rinconada da kewayen Carrizalillo, a yammacin gari. Unguwa ce ta gidajen zama, shiru da dare, tana da titi guda da shagunan burodi da gidajen abinci suka jeru a kai, ana iya zaga ta da ƙafa da yara. A ƙarƙashinta akwai gaɓar Carrizalillo, ɗan lungun teku da duwatsu suka rungume ta gefe biyu, shi ya sa ruwan ya fi lafawa. Sai dai a san da wannan: sai an sauka matakala sama da 150 kafin a kai ga yashi, kuma saukar ba ita ce matsala ba, hawowar ce, da rana tsaka, da yaro ɗan shekara biyar da ya gaji yana neman a saɓa shi. Ku tafi da safe wajen ƙarfe takwas, ku hawo kafin azahar. In akwai mai ciwon gwiwa a cikinku, Puerto Angelito da Manzanillo suna kusa, tagwayen gaɓoɓi ne masu ruwa kwance, mota tana kaiwa har kusa da yashin Puerto Angelito. Su ne wuraren da iyalan Meksiko da kansu ke kai 'ya'yansu, za ka ga kaka zaune a rumfa da kwandon abinci, wasu matan ma da riga da gajeren wando suke shiga ruwa. Maiɗakinka in ta sa kayan wanka masu rufe jiki ba wanda zai ɗaga ido ya dube ta sau biyu.

Bacocho, gaba kaɗan da Rinconada, tana da manyan otal masu wurin wanka da fili, shiru ƙwarai, amma tekunta ba ta da tabbas, kuma komai za ka saya sai ka nemi tasi. Tsakiyar gari, wajen titin da ake kira Adoquín wanda ake rufe wa motoci da yamma, shi ya fi araha, kuma nan ne kwale-kwalen masunta ke sauka a Playa Principal.

Game da irin masaukin, shawarata ka kama gida ko ɗaki mai kicin da firji, ko da ƙarami ne, maimakon ɗakin otal zalla. Dalilin zai fito in mun zo maganar abinci. In kuma kun fi son otal, Villas Carrizalillo yana kan dutsen da ke kallon gaɓar, Hotel Santa Fe kuma yana daidai inda Zicatela ta fara, tsohon gida ne da aka san ɗakin cin abincinsa da kifi da girkin ganyayyaki, abin da ya yi daidai da buƙatarku. Kafin ka biya ko'ina, tambayi abu uku a rubuce: akwai na'urar sanyaya ɗaki ko fanka ce kawai, tagogi suna da ragar sauro, kuma gidan yana da tankin ajiye ruwa. Garin yana da zafi da gumi irin na Legas, kuma a ƙarshen rani wasu unguwannin sai da tankar ruwa suke rayuwa. Na taɓa kama wani gida mai kyan hoto a watan Afrilu, muka kwana biyu muna wanka da bokiti muna jiran tanka. Tun daga ranar ban ƙara biyan kuɗi ban yi wannan tambayar ba.

Lokaci mafi daɗi daga Nuwamba ne zuwa Maris: ba ruwan sama, zafin da sauƙi, kuma daga Disamba ake fara ganin manyan kifayen nan masu feso ruwa suna wucewa. Ka kauce wa makon Kirsimeti zuwa sabuwar shekara da makon Ista, wanda suke kira Semana Santa, domin farashi kan ninka, gaɓa kuma ba masaka tsinke. Damina daga Yuni ce zuwa Oktoba. Komai ya yi kore, ɗaki ya yi araha, amma sauro mai kawo zazzaɓin dengue yana yawa, kuma lokacin guguwar teku ne: guguwa mai suna Agatha ta faɗa wa gaɓar jihar a Mayun 2022, Erick kuma a Yunin 2025.

Aladen yana ɓoye ne a cikin mai

Nan ne zan daɗe, don nan ne mutanenmu ke faɗawa rami ba su sani ba. Kauce wa tsokar alade abu ne mai sauƙi, ana ganinta, kuma sunayenta sanannu ne: puerco ko cerdo, carnitas, al pastor, chorizo, chicharrón, jamón, tocino. Abin da ba a gani shi ne kitsen. A girkin gargajiya na Oaxaca kitsen alade, wanda suke kira manteca, yana matsayin da man gyada ko man shanu yake a wurinmu. Mai girki ba ta ɗaukarsa nama. In ka ce mata ba ka cin nama, za ta ba ka wake da zuciya ɗaya, alhali da manteca ta soya shi.

Babban misali shi ne tlayuda, abincin da jihar ke alfahari da shi. Faffaɗar gurasar masara ce kamar faifai, ana gasa ta a kan gawayi, a shafa mata niƙaƙƙen wake, a zuba cukun da suke kira quesillo mai yagewa zare-zare, da kabeji da fiya. Amma kafin waken, abin da ake fara shafawa shi ne asiento, wato guggubin da ke kwantawa a gindin tukunya bayan an soya kitsen alade. Dole ka ce "sin asiento", ma'ana ban da asiento, sannan ka tambayi waken: "¿los frijoles llevan manteca?" Haka memela, 'yar ƙaramar gurasa mai kauri da ake karyawa da ita, ita ma da asiento ake shafa ta. Tamales, wanda ya yi kama da alalar da aka naɗe a ganye sai dai da ƙullun masara ake yi, kusan kullum da manteca ake kwaɓa shi, har wanda aka cusa wa kaza ko kayan teku. Miyar mole mai duhu, wadda ake haɗawa da barkono iri-iri da cakulan, sau da yawa da kitsen ake soya kayan haɗinta. Gurasar alkama ma a yi hattara da ita. Wadda ba ta da matsala ita ce gurasar masara zalla, tortilla de maíz, domin masara ce da aka dafa da ruwan farar ƙasa aka niƙa, ba a sa mata mai.

To me ya rage? Teku gaba ɗaya. Mu da muka tashi a mazhabar Malikiyya an karantar da mu cewa abin da ke rayuwa a teku halal ne, kuma a wannan gari kifi da safe yake fitowa daga ruwa. Nemi huachinango, jan kifi mai daɗin tsoka, ko kifin dorado, ko atún, wato tuna. Ka ce a yi maka shi "a la plancha", wato a gasa a kan farantin ƙarfe, ko "al mojo de ajo", da tafarnuwa, ko "a la talla", inda ake tsaga kifin a buɗe shi, a shafe shi da jan barkono, a gasa a kan garwashi. Wannan na ƙarshen in ka rufe ido sai ka ce gasasshen kifin bakin kogi ne na gida, yajin ne kawai ya bambanta. Akwai jatan lande, akwai pulpo, halittar nan mai hannuwa takwas, akwai ceviche, ɗanyen kifi da ake jiƙawa a ruwan lemon tsami da albasa da tumatir. Ceviche manya su ci a wurin da ake yawan ciniki, kuma da rana, yara kuwa a ba su dafaffe.

Ko a kifin akwai tarko biyu. Na farko, kifin da ake tsomawa a ƙullu a soya, wanda suke kira capeado, don yin taco, wato gurasar masara da ake naɗe abinci a ciki, sau da yawa da giya ake dama ƙullun. Tambayi "¿lleva cerveza?", ko ka ce a gasa maka kawai. Na biyu, akwai girkin jatan lande da ake naɗe shi da siririn naman alade, don haka duk inda ka ga kalmar tocino a takardar abinci, wuce. A ƙananan rumfuna kuma duba da idonka ko a kan ƙarfe ɗaya ake gasa kifi da chorizo. Ban taɓa roƙon mai rumfa ta goge ƙarfen ko ta sa mini wani kasko ta ɓata rai ba. Mutanen wurin suna da kara, in ka ce "no como puerco, es por mi religión", ba na cin alade saboda addinina, sukan ƙara kula fiye da yadda ka roƙa.

Batun kaza da naman sa, irin su tasajo, siririn naman sa mai gishiri da ake gasawa wanda ya ɗan yi kama da kilishin da bai bushe ba, magana ce ta yanka. Ni ba malami ba ne, kuma malamai sun yi saɓani a kan yankan Ahlul Kitabi a irin waɗannan ƙasashe, don haka tambayi malaminka kafin ku tashi. Abin da zan iya gaya maka shi ne kada ka sa ran mahauci Musulmi. Ƙidayar 2020 ta nuna Musulmin Meksiko duka ba su kai 8,000 ba, a ƙasa mai mutum sama da miliyan 120. Ni dai in na je mako guda nake yi a kan kifi da ƙwai da wake, ban taɓa jin na rasa komai ba. Sallah ma a masauki za ku yi, kuma ka duba manhajar alƙibla, don daga can arewa maso gabas ake fuskanta, ba gabas sak yadda muka saba ba.

Ga amfanin kicin. Ku shiga kasuwar Benito Juárez da ke tsakiyar gari da safe, ku sayi kifi, tumatir, albasa, attaruhu, shinkafa, mangwaro, gwanda da ayaba. Rabin abincinku ku dafa da kanku, kuɗi ya ragu, zullumi ya ragu, yaron da ya ƙi baƙon abinci ya samu shinkafa da miyar da ya sani. A kasuwar nan za ka ga abin da zai sa ka murmushi: mata zaune da tulin soyayyiyar fara a kwando, ja jawur da barkono da lemon tsami. Chapulines suke kiranta, kuma yadda ake cinta a Maiduguri ko Damagaram haka suke cinta. Tasu ta fi ƙanƙanta, ta fi tsami.

In kuna so ku fita ku ci a waje, El Cafecito wurin karin kumallo ne da ya daɗe, yana da reshe a Rinconada da Zicatela, akwai ƙwai da burodi da 'ya'yan itace. Almoraduz a Rinconada girkin Oaxaca ne na zamani, da ɗan tsada, irin wurin da ma'aikaci zai iya shiga ya tambayo maka mai girki abin da ke cikin kowane kwano. Amma kifin da ya fi zauna mini a rai a rumfunan bakin Puerto Angelito na ci shi, ƙafata a cikin yashi. Gidajen abinci a garin nan suna buɗewa suna rufewa kamar kasuwar ƙauye, farashi ma yana motsi, shi ya sa ban ba ka lissafin kuɗi ba. Riƙe tsabar peso, kuɗin Meksiko, a aljihu don rumfuna da tasi, kuma ana barin wa ma'aikaci kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na kuɗin abinci.

Abin sha

A nan kam kamar kana gida. Amma da farko a yi hattara: jihar ta shahara da mezcal, barasa mai ƙarfi da ake yi da wani tsiro mai suna agave, kuma za a yi ta miƙo maka ita a matsayin karramawa, wani lokaci kyauta bayan cin abinci. "No tomo alcohol, gracias" ya wadatar. Michelada giya ce da aka haɗa da lemon tsami da yaji, ko da ta yi kama da ruwan tumatir. Coco loco kwakwa ce da aka zuba wa barasa, wadda kake so ita ce coco frío. Tepache na abarba kuwa tsimi ne da ya fara tashi, ni ina barinsa.

Abin da za ku sha shi ne aguas frescas, waɗanda ake jerawa a manyan tulunan gilashi. Ja ɗin nan da suke kira agua de jamaica zoɓo ne, zoɓonmu sak, sai dai ba sa sa masa citta da kanumfari. Agua de tamarindo ruwan tsamiya ne. Farin, horchata, da shinkafa da kirfa ake yi, ɗanɗanonsa tsakanin kunun aya da kunun shinkafa, kuma ba banza ba: a Sifen, inda sunan ya fito, da aya ake yin ta har gobe. Da safe ka nemi café de olla, kofi da ake dafawa a tukunyar ƙasa da kirfa da piloncillo, wanda ba komai ba ne illa mazarƙwaila. In ka ga an rubuta Pluma a jikin kofi, daga duwatsun Pluma Hidalgo yake, nan cikin jihar. Yara kuma ga cakulan mai zafi da ake kaɗawa da maburgi, ga paletas, ƙanƙarar 'ya'yan itace a jikin tsinke.

Ruwan famfo ba a sha, su kansu 'yan garin ba sa sha. Kowane gida yana da babbar gora mai lita 20 da suke kira garrafón, ka tabbata masaukinku yana da ita, da ita za ku wanke wa yara baki. Ƙanƙarar da ke da rami a tsakiya ta kamfani ce, da tataccen ruwa ake yin ta.

In kun gaji da kwanciya a yashi, da yamma a gaɓar Bacocho masu kare kunkurun teku sukan bar baƙi su saki jariran kunkuru su rarrafa zuwa ruwa, abin da yaranka za su daɗe suna ba da labari. Tafkin Manialtepec, kamar rabin awa a mota ta yamma, ruwansa yana walƙiya da dare in an motsa shi, an fi gani a daren da babu farin wata. Gaba da shi akwai Chacahua, a yankin Costa Chica, inda za ka tarar da ƙauyukan baƙaƙen fata 'yan Meksiko, jikokin 'yan Afirka da aka kai bauta zamanin mulkin Sifen. Ta gabas kuma, tafiyar kamar awa ɗaya, akwai Mazunte da cibiyar kunkurunta. Direba zai iya ce muku ku ƙarasa Zipolite tunda tana kusa. Ku ce a'a, gaɓa ce da aka yarda mutane su yi tsirara, ba wurin zuwa da iyali ba ce.